Kwat da nektai a zafin Birnin Kebbi: yadda shiga ta kusa raba wani matashi da aikinsa na farko

Asalin yaron da irin aikin da ya samu

Matashi ne ɗan shekara 26, mutumin wani ƙauye a ƙasar Jega. Ya yi digirin lissafi a jami'ar jiha da ke Aliero, ya je hidimar ƙasa ya dawo, ya yi kusan shekara guda yana zaman shagon POS na yayansa kafin Allah ya kawo masa aikin banki. Ba zan kama sunansa ba, haka ma bankin.

Mahaifinsa malami ne mai almajirai a zaure, a gidansu namiji ba ya fita kai ba hula ko da bakin titi zai je sayen kati, gemu kuwa tun da ya fara fito masa bai taɓa sa masa reza ba, wandonsa ma ba ya wuce idon sawu. A jami'a ba wanda ya taɓa yi masa maganar wannan, ai kusan kowa haka yake.

Aikin na neman kwastomomi ne, wato ya fita kasuwa da ofisoshi yana buɗe wa mutane asusu, kowane wata da adadin da aka ɗora masa. Kuma ba bankin ne ya ɗauke shi kai tsaye ba, wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke shi kwantiragi ya tura shi reshen Birnin Kebbi, da gwajin wata 6. Takardar ɗaukar aikin layi ɗaya kacal ta yi a kan sutura, cewa ana son shiga irin ta ofis. Akwai littafin ƙa'idojin ma'aikata da aka haɗo masa ta imel, mai shafuka da yawa, bai buɗe ba saboda wayarsa ƙarama ce kuma data na wahala, ya ce sai ya natsu.

Wanda bai san Kebbi ba zai yi mamakin yadda kwat zai zame wa mai digiri matsala. Abin da ke nan shi ne a jihar nan kaftani da hula su ne kayan ofis, ka shiga sakatariya, ka shiga makarantu, ka dubi gwamna da kwamishinoninsa, duk shigar kenan. Masu sa kwat kullum 'yan kaɗan ne, lauyoyi da ma'aikatan banki da wasu likitoci, don haka yaro irin wannan ba shi da ko mutum ɗaya a danginsu da zai tambaya yaya ake ɗaura nektai, balle wane yadi ke jure rana.

Janairu 2024: shirin farawa

Wani abokinsa da suka yi hidimar ƙasa tare, wanda ya taɓa ɗan zaman wani banki a Abuja, shi ya zama mai ba shi shawara ta waya. Ya ce masa abu biyu ba makawa, baƙin kwat da aske gemu tas, in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma nemi taka ka ɗaura.

Lokacin kaya sun yi tashin gwauron zabi, naira na ta faɗuwa (cikin Fabrairu dala ta haura 1,500), iyakar Nijar kuma a rufe tun Agustan 2023, gwanjon ma da talaka ke fakewa da shi ya yi tsada. Ya ranci kuɗi wajen yayansa ya shiga babbar kasuwar Birnin Kebbi ya sayi kwat ɗaya na gwanjo, baƙi mai kauri mai shafi a ciki irin wanda aka ɗinka don ƙasashen sanyi, da farar riga 2, nektai 1, takalmi sau-ciki 1. Daga nan ya wuce wajen mai aski.

Da ya je sallama gida mahaifinsa ya daɗe yana kallonsa kafin ya ce, "Wa ya ce ma ka yi haka?" Ya ce, "Baba ƙa'idar aikin ce." Tsohon ya ce, "Sun rubuto ma haka ga takarda?" Yaro ya yi shiru. "To tahi, Allah shi kyauta." Inna ce ta raka shi ƙofa ta sa masa albarka, shi dai Baba bai ƙara cewa komai ba.

Fabrairu zuwa farkon Maris: makonnin farko

Ya fara aiki Litinin 5 ga Fabrairu, yana zaune gidan kawunsa a Badariya, kullum kabu-kabu yake hawa zuwa cikin gari. Sauran ƙurar hunturu na nan, kafin ya sauka kafaɗun baƙin kwat ɗin sun yi fari-fari, wuyan farar riga ya yi ja. Riga biyu ba sa kai mutum Litinin zuwa Alhamis sai da wankin dare, wuta kuma ba tabbas, ranar da ya yi guga da dutsen gawayi tartsatsi ya faɗa masa a gaban riga ya huda, daga ranar sai ya riƙa jan nektai yana rufe wurin.

Kowace safiya ana ɗan taro kafin a buɗe wa jama'a ƙofa, shugaban sashensu yakan bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Shi ma ɗan jihar ne, ba baƙo ba. A makonni 4 na farko sai da ya yi wa yaron magana a gaban mutane a kan ƙurar takalmi, a kan ƙullin nektai, a kan ƙafar wando da ya naɗe don sallar azahar ya manta bai sauke ba.

Maganar salla ta fi ba shi wahala fiye da yadda ya zata. Mutanenmu a nan yawanci mazhabar Malikiyya ake bi, shafa a kan huffin fata ake yi ba safar yadi ba, to kowace alwala sai ya kwance igiyar takalmi, ya cire safa, ya cire kwat ya nemi inda zai rataye, ya naɗe hannun riga, ga nektai na lilo yana shiga ruwan buta, in ya idar ya mayar da safa a jiƙaƙƙiyar ƙafa, zuwa la'asar takalmin ya fara wari. Sai ya daina sa safar gaba ɗaya. Oga, wato shugaban sashen, ya gani, ya sake magana.

Gemun ma bai bar shi ba. Fatar da ba ta saba da reza ba sai ta feso da ƙuraje a ƙasan haɓa da wuya, daidai inda kwalar riga ke gogawa, dole ya dakata da askin, gashi ya fara tofowa ba tsari, oga ya ce masa, "Malam, gemen ga hwa? Nan banki ne."

Azumi: 11 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu

Azumin 2024 ya faɗo tsakiyar bazara, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40 da rana. Waɗanda ke zaune a kanta suna cikin esi, shi kuwa aikinsa a waje yake, ƙarfe 11 zuwa 2 yana zagaya shaguna da baƙin kwat mai shafi da bakin azumi. Ƙurajen zafi suka cika masa baya. Kwat ɗaya tilo da ake sawa kwana 4 a mako cikin irin wannan gumin ba sai an faɗa ba, kuɗin kai wa masu wankin zamani kuma babu, sai ya jiƙa shi a bokiti da omo ranar wata Asabar, da ya bushe shafin ciki ya tattare, kafaɗa ɗaya ta karkace, hannun ya ɗage.

Ya koma riƙe kwat ɗin a hannu in ya fita, ya sa in ya dawo ofis. Hakan ya rage zafi amma bai gyara komai a kasuwa ba, 'yan kasuwa da sun hango farar riga da nektai sai fuska ta canja, wasu su ɗauka mai karɓar haraji ne, wasu su ce mai shagon ba ya nan alhali da shi ake magana. A watan Maris ko rabin adadin da aka ɗora masa bai kawo ba. A unguwa kuma ga kunyar wucewa gaban dattawa kai ba hula, har ya koma bin wani lungu mai nisa don kada ya bi ta majalisar ƙofar masallaci.

15 ga Afrilu: takardar tuhuma

An yi ƙaramar salla Laraba 10 ga Afrilu. Juma'a 12 ga wata aka koma aiki, ranar da dama aka yarda da kayan gida, ya sa shaddarsa ta salla da hula, kowa na cewa ashe haka kake, shi kansa ya ce ranar ce ta farko da ya ji shi mutum ne a ofishin nan.

Ƙarshen makon ya kai kukansa zauren WhatsApp na abokan makaranta, nan fa aka yi ca. Wannan ya kawo sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 mai maganar 'yancin addini, wancan ya kawo hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2022 da ya tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas, wani ya tuno da Firdaus Amasa da aka hana rantsarwa a matsayin lauya a Disambar 2017 saboda hijabi, daga baya aka rantsar da ita da abinta a 2018. Duk suka ce masa ka tsaya a kan haƙƙinka, ba abin da za su iya.

Litinin 15 ga Afrilu ya shiga ofis da kaftani da hula. Ko taron safe ba a bari ya tsaya ba, aka ce ya koma ya canjo, kafin azahar takardar tuhuma ta iso, ya yi bayani cikin awa 24. Ya cika shafi biyu da sashe na 38 da hukuncin kotu. Amsar da ta dawo daga kamfanin da ya ɗauke shi gajeriya ce, ba wanda ya hana shi ibada, shi ya sa hannu a kan ya karanta ƙa'idojin sutura kuma ya amince, don haka an sa masa takardar gargaɗi a fayil, in ya sake za a duba kwantiraginsa.

Ƙarshen Afrilu: Kawu ya sa baki

Kawun nasa tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya san mutane, da ya ga yaron ya rame ba ya cin abinci sai ya nemi lambar manajan reshen ta hannun wani surukinsa ya kira shi. Da kyakkyawar niyya ya yi, roƙo ya yi a sassauta wa ɗansa. Manaja ya karɓa da girmamawa, ranka shi daɗe, in sha Allahu za a duba, amma da ya ajiye waya ya kira shugaban sashe ya tambaye shi me ke faruwa har magana ta kai ga dattawan gari.

Oga ya ɗauka ƙararsa aka kai. Bai sake yi wa yaron faɗa ba, amma kuma ya daina kula shi kwata-kwata, gaisuwa da ƙyar, motar ofis in za a fita ba a sa sunansa, kwastoman da ya wahala a kansa sai a miƙa wa wani ya ƙarasa. Yaron ya rubuta takardar ajiye aiki ya ajiye a waya, abin da ya hana shi turawa bashin yayansa ne da bai gama biya ba.

Mayu: Hajiya da littafin ƙa'idoji

Akwai wata mata a sashen kuɗi da ta daɗe a reshen, kowa Hajiya yake ce mata. Wata ranar Laraba bayan an rufe ta kira shi ta ce, "Ƙanena zo nan, littahin ga da kaka ta rigima a kai, ka taɓa karanta shi?" Ya ce a'a Hajiya. Ta buɗe a kwamfutarta suka karanta babin sutura tare, bai fi shafi ɗaya da rabi ba.

Litinin zuwa Alhamis kwat mai duhun launi, ba lallai baƙi ba. Juma'a kayan gargajiya har da hula. Gemu an ce ne ya kasance a gyare cikin tsafta, ko kalma ɗaya ba a yi a kan askewa ba. Tsawon wando ba a ambata ba sam. Sannan can ƙasa akwai layin da ya ba manajan reshe ikon amincewa da shigar da ta dace da wuri ga ma'aikatan da ke fita aikin waje. Ya ce da ya karanta layin gemun sai da idonsa ya kawo ruwa, tambayar Baba ce ta faɗo masa.

Hajiya ta hana shi ɗaukar littafin ya shiga da shi taron safe. Ta ce ya sami oga shi kaɗai, ya fara da ba da haƙuri a kan kiran Kawu tunda ba ta hannunsa aka bi ba, sannan ya nuna masa layin cikin ladabi a matsayin mai tambaya. Haka ya yi. Oga ya karanta ya yi shiru, ya ce shi ma lokacin da ya fara aiki cewa aka yi ya aske ya aske, bai taɓa dubawa ba. Bai ba shi haƙuri ba, ya dai ce, "To ka riƙa gyara shi."

Sauran duk dabarun yau da kullum ne da ta gani wajen waɗanda suka riga shi. Da albashin Afrilu ya sayi yadi mara nauyi ruwan toka mai duhu ya kai wa tela da ya iya ɗinkin kwat, aka yi masa ba shafi a baya, wandon aka yanke daidai idon sawu, in ya sa doguwar baƙar safa ba mai lura kuma ba sai ya naɗe ba. Ya ƙara riga 2 masu ruwan sararin sama don sun fi ɓoye ƙura, da singileti na auduga. Kwat da takalmi suka koma kwana a ɗakin Baba maigadi a kan hanga, shi kuma ya riƙa fitowa gida da taguwarsa da hula da silifas, ya iso ƙarfe 7 ya canja, da yamma ya sake canjawa, shi kenan maganar ƙurar kabu-kabu da bin lungu ta ƙare. Silifas ɗin ya zauna ƙarƙashin tebur don alwala, da ɗan tawul da safa ta biyu, nektai kuma a cusa shi tsakanin maɓallan riga kafin a taɓa buta. Gemu duk Asabar mai aski ya daidaita da kilifa ya fitar da layi.

Yuni da Yuli: gwajin kasuwa

Sai da aka yi makonni 3 ba a yi masa maganar shiga ba sannan ya kawo buƙata ta biyu, wannan karon ta hannun oga zuwa manaja kuma a rubuce. Ya roƙi a bar shi mako 2 ya riƙa sa kaftani mara ado da hula a ranakun fita kasuwa kawai, ya riƙa rubuta shagunan da ya shiga da asusun da ya buɗe, in ba a ga bambanci ba ya koma kwat. Manaja ya amsa ta imel da layi ɗaya cewa a gwada.

Ya bi masu shinkafa da masu albasa a Jega da Aliero, ga kuma dillalan raguna da babbar salla ta matso, 16 ga Yuni. Mutanen nan ba su manta wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ba, lokacin da mutum da kuɗinsa a banki ya kwana a layi bai samu ba, don haka ɗan banki ba abin marmari ba ne a wajensu. Amma wanda ya zo da hula ya cire takalmi ya zauna a tabarma, aka gaisa aka tambayi mutanen gida, aka gano ɗan Malam wane ne, aka kira salla ya bi sahu ba tare da kwance-kwancen igiya ba, wannan ana sauraronsa ko da ba za a buɗe asusun ranar ba. A Yuni ya cika adadinsa karo na farko, a Yuli ya ɗan haura. Mako 2 ɗin suka wuce ba wanda ya ce ya daina.

Agusta: inda aka tsaya

Gwajin wata 6 ya cika farkon Agusta, aka sabunta masa kwantiragi na shekara guda. Takardar gargaɗin Afrilu tana nan a fayil ba a cire ba, kuma har yanzu ma'aikacin kamfanin kwantiragi ne ba na bankin ba. Ya gama biyan yayansa a Yuli. Tsakaninsa da oga gaisuwa ce da maganar aiki. Baba kuwa da ya gan shi da babbar salla gemu ya dawo, sai ya tambaye shi labarin aiki, abin da bai yi ba tun Janairu.

Yadda nake ganin lamarin

Askin Janairu da kwat ɗin gwanjo duk daga ji-ta-ji-ta suka fito, ya bi maganar aboki ya bar takardar da ke cikin wayarsa. Abin 15 ga Afrilu kuma ya faɗi ne saboda an haɗa abubuwan da ba ɗaya ba. Hijabi da gemu magana ce ta addini da mutum zai iya tsayawa a kai ya kawo hujja, kaftani kuwa al'adarmu ce mai daraja amma ba wanda zai ce salla ba ta yiwuwa sai da shi, kuma hukuncin 2022 a kan ɗalibai da gwamnatin jiha aka yi shi, ba a kan ma'aikacin da ya sa hannu a kwantiragi ba. Abokan da suka zuga shi ba ɗayansu da zai biya masa bashi in an kore shi. Kiran Kawu ma hanya ce da ke aiki a wasu wuraren, a nan sai ta tsallake mutumin da yaron zai kwana ya tashi a ƙarƙashinsa.

Nasarar Yuni ba zan ɗora ta duka a kan kaftani ba, lokaci ne da kuɗin shinkafar rani da na raguna ke yawo, shi ma ya ƙara sanin aikin. Amma ya nemi abu ɗaya a lokaci ɗaya, ya bi ta hannun wanda ya dace, ya kawo ma'aunin da banki ke ganewa, shi ya sa aka saurare shi.

Sai dai gaskiya laifi mafi girma ba na yaron ba ne, kuma wannan ke ci mini rai. Wurin da zai iya rubuta takardar tuhuma cikin rabin yini ya kasa samun minti 10 a ranar farko ya zaunar da sabon ma'aikaci ya karanta masa shafi ɗaya da rabi. An sa ɗan talaka sayen kayan da suka cinye masa kusan albashin wata tun kafin ya karɓi ko kwabo, ba alawus ba rance. Ƙa'idar da aka tsara don masu zama cikin esi aka ɗora wa mai yawo a ranar Afrilun Kebbi da azumi, alhali littafin da kansa ya bar ƙofa, shugaban sashe bai san da ita ba. Da Hajiya ba ta kira shi ranar Larabar nan ba da tuni ya tura takardar da ke wayarsa.

Izinin kaftanin ma har yau imel ɗin manaja ne mai layi ɗaya, ba a mayar da shi tsarin reshe ba. Abokan aikinsa 2 masu fita kasuwa sun nemi irinsa, an ba ɗaya, ɗayan an ce ya jira ya cika gwajinsa tukuna. Manajojin banki kuma ana yawan canja musu wurin aiki, duk ranar da aka kawo sabo sai yaron ya sake rubuta roƙo daga farko.